Korar Mutumin Tawa

Aikin farko da na samu bayan na gama karatun injiniya a wani gidan rediyo ne mai zaman kansa a Yamai. Ina zaune lokacin a unguwar Boukoki wajen ƙanwar mahaifiyata, kullum da safe in tari taksi in sauka a ƙofar wani bene mai shuɗin fenti, in hau sama zuwa wani ɗan ɗaki da babu taga. Nan injinan suke, nan kuma aka ajiye ni. Rediyon yana da rassa a Doso, Tawa, Maraɗi da Damagaram, aikina shi ne in ga sautin da ya fita daga situdiyon Yamai ya isa kowane gari.

Mai gidan rediyon muna ce masa Deje, wato babban darakta. Da taya da batirin mota ya yi arziki a kasuwar Wadata, kuma ban raina masa wannan ba, don a can ya san abin da yake yi. An ce abin da ya sa ya buɗe rediyo shi ne wata shekara ya raba shinkafa a unguwarsu, babu gidan rediyon da ya ambaci sunansa. Ban san gaskiyar labarin ba, amma duk wanda ya zauna da shi na yini ɗaya ba zai ƙaryata ba. Ƙarƙashinsa akwai shugabana, shef na sashen injina. Mutum ne mai tsabta, mai ƙamshin turare, bai taɓa ɗaga mini murya ba. A shekarun da muka yi tare ban ga ya ɗaura waya ɗaya ba. Sana'arsa ta gaskiya gyaɗa kai ce, ya kuma ƙware, don yakan fara gyaɗawa tun Deje bai buɗe baki ba. Makullin ɗakin injina da kalmomin sirri na shiga manyan injinan duk suna hannunsa, yana riƙe da su kamar gadon ubansa.

Yadda abin yake tafiya ba shi da wuyar fahimta. Kowane reshe yana da layi ɗaya tak, kuma layin Yamai yake zuwa. Tawa ba ta jin Maraɗi, Maraɗi ba ta jin Damagaram, kowa sai ta Yamai. A ɗakina akwai babban rutar, akwatin da ke rarraba hanya. Situdiyo ba ya aika sauti sau huɗu, sau ɗaya yake turawa, rutar ɗin ya kwafa ya miƙa wa garuruwa. Wannan shi muke kira multikas a sana'armu. A kowane reshe kuma akwai ƙaramin rutar, da wani akwati, dekodar, wanda ke karɓar sautin ya ba eriya.

Da na zo, kowane gari da ƙofarsa daban a jikin babban rutar. Daga baya kamfanin da muke hayar layi a wajensa ya kawo sabon tsari mai rahusa, aka tattara garuruwan huɗu aka shigo da su ta ƙofa guda. Mutanen kamfanin suka zo suka haɗa, shef ya tsaya a bayansu da hannu a aljihu, aka ji sauti ya isa ko'ina, aka tafa, aka sha lemo.

Ba a daɗe ba mahaifiyata ta kira ni daga Maraɗi. Bayan gaisuwa ta ce, "Ke, rediyonku shaƙuwa yake yi ne?"

Na ce, "Shaƙuwa kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Kullum bayan la'asar sai ya yi tsit. Can sai ka ji mutum ya faɗi kalma biyu uku, ya sake yin tsit. Haka zai yi ta yi har kusan magariba, sa'an nan ya warke."

Na tambayi ma'aikatanmu na Doso da Damagaram, suka ce ai su ma haka ne, sun kuma faɗa wa shef tuni. Na sami shef a bironsa, wato ofishinsa, yana goge takalmi da hankici. Ya ce ya kai maganar sama, Deje ya ce shi ga rediyo nan a kan teburinsa yana magana lafiya lau, mutanen rassa ne ba sa son aiki. Na ce masa rediyon teburin Deje eriyar Yamai yake kamawa, ko duk rassan sun ƙone ƙurmus ba zai fasa magana ba. Shef ya yi murmushi ya ce, "To ke je ki gaya masa."

Abin da ya mai da shaƙuwar ta zama gaskiya a idon Deje shi ne wani abokinsa mai sayar da shayi a Maraɗi, wanda tallarsa ke fita daidai wannan lokaci. Mutumin ya kira ya yi faɗa. Washegari aka tara mu a biron Deje, aka kunna kilim, na'urar sanyaya ɗaki, har sai da haƙorana suka fara haɗuwa. Ya zauna bayan tebur yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya ce yana so a gaya masa wanda ke cin amanarsa. Bai tambayi mene ne ya lalace ba, tun farko wane ne yake nema.

Wata mai gabatar da shiri, da kyakkyawar niyya, ta ce ta lura lokacin da sautin ke yankewa shi ne lokacin da Tawa ke barin Yamai ta yi shirinta na gida, na sanarwar suna da rasuwa da cigiyar dabbobi. Tawa ce kaɗai ke da irin wannan shiri. Kuma gaskiya ta faɗa, a can ba a taɓa kuka da yankewa ba.

Deje ya daina kaɗa makulli. Ya ce, "Sabotaj."

Wato zagon ƙasa. Yana son kalmar nan ƙwarai, faransancinsa bai wuce cikin cokali ba amma wannan ya riƙe ta da kyau. Ya maimaita, shef ya gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Mutumin da ke riƙe da reshen Tawa dattijo ne, shi ne mai magana, shi ne mai injina, shi ne mai shara in yaron shara bai zo ba. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a taron ƙarshen shekara, inda ya miƙe gaban baƙi ya ce ɗakin injinansu zafi ya yi masa yawa, a taimaka musu da fanka. Ba a ba da fankar ba, amma Deje bai manta an roƙe shi fanka gaban mutane ba.

Na ce, "Alhaji, mutumin da ke Tawa ba shi da hannun da zai miƙa ya yanke Damagaram. Layinsa nan yake ƙarewa, a ɗakina."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To madam injiniya, wa ke yankewa? Aljani?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa mai biyan albashi. Na ce a ba ni ƴan kwanaki in bincika. Ya ce in bincika, shi dai ya riga ya sani.

Da na koma ɗakina na kira dattijon. Ya ɗauka da murna, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Na ce, "Baba, in za ka fara shirinka na la'asar, me kake taɓawa?"

Ya ce, "Ba wani abu, ɗiyata. In ɗaga makirona na magana, in kashe wanga akwati na Yamai shi huta. Zafi shika yi kamar a toya ƙwai bisa. Shef da kansa ya ce mini in ba ni aiki da shi in kashe shi. Mi ya faru?"

Na ce ba kome, gobe zan kira shi mu gwada wani abu. Da na tambayi shef, ya ɗaga ido yana duban silin, ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba.

Washegari da hantsi na roƙi shef ya buɗe mini babban rutar. Ya yarda in duba, ban da taɓawa, ya kuma ja kujera ya zauna kusa da ni don ya tabbata. Na sa dattijon a waya ɗaya, ma'aikacin Maraɗi a ɗayar. Na ce, "Baba, kashe." Ya kashe. Ba a jima ba na Maraɗi ya ce sauti ya ɗauke. Na ce, "Kunna." Ya kunna, sauti ya dawo. Muka maimaita, ina duban abin da ke gudana a allo, sai na ga saƙon da ke shigowa daga Tawa duk lokacin da aka kashe, na ga kuma abin da babban rutar ke yi da shi.

Tsarin da mutanen kamfanin suka bar mana tsoho ne. A cikinsa babban rutar yana zuba sauti ta ƙofa ba tare da ya tambayi kowa ba, har sai wani ya ce ba ya so. In dekodar ɗin Tawa ya mutu, ƙaramin rutar ɗin can sai ya ga babu mai saurare, ya aiko da saƙo cewa a daina aiko masa. Babban ya ɗan dakata ko wani a bayan wannan ƙofa zai ce shi yana so. An gina tsarin ne don injinan da ke zaune wuri ɗaya suna jin juna. Namu ba sa jin juna. Maraɗi ba ta san Tawa ta yi magana ba balle ta ce ita tana so. Da babban ya ji shiru sai ya rufe ƙofar gaba ɗaya, garuruwa huɗu a bayanta. Bayan ɗan lokaci ya sake buɗewa ya gwada, kalma biyu uku su wuce, Tawa ta sake cewa ba ta so, ya sake rufewa. Ga shaƙuwar Inna.

Na ji daɗi irin wanda mai sana'a kaɗai ya sani. Na juya na bayyana wa shef, a hankali, har da zane a bayan wata tsohuwar ambulan. Na ce gyaran ƙarami ne, a canza tsarin yadda babban rutar zai riƙa sanin kowane gari da kansa, wanda ya nema a ba shi, wanda ya ƙi a yanke masa shi kaɗai. Sai dai dole a taɓa babban da ƙananan duka, sauti kuma zai ɗan ɗauke. Ya saurara yana gyaɗa kai, ni kuma don ƙuruciya na ɗauka fahimta ce. Ya tashi ya gyara rigarsa ya hau wajen Deje.

Kafin azahar aka sake tara mu. Deje fuskarsa na sheƙi. Ya ce, "Injiniya ta tabbatar. Da hannunsa yake kashewa, garuruwa uku su mutu. An kama shi a waya, shef shaida ne."

Na ce, "Alhaji, ba haka na ce ba. Laifin yana nan ɗakinmu, a cikin saitin babban injin. Ko wa ya kashe akwatin nan, ko Doso ce ta kashe nata, haka za a samu."

Ya ce, "Ya kashe ko bai kashe ba?"

"Ya kashe, amma an ce masa ne ya..."

"Da ya kashe, sauti ya yanke ko bai yanke ba?"

"Ya yanke."

Ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a kamar alƙalin da ya gama shari'a. Na dubi shef ina jira ya ce wani abu game da umurnin da ya bayar. Shef yana duban farcensa.

Deje ya kira Tawa ya sa wayar a lasifika don kowa ya ji. Dattijon ya ɗauka da sallama, ya fara gaishe shi da iyali. Deje bai amsa ba, ya ce masa ya tattara kayansa ya ba maigadi makulli, asirinsa ya tonu. Dattijon ya ce, "Wane asiri, Alhaji?" Ya tambaya har sau biyu. Deje ya kashe wayar ya ce a kawo masa shayi.

Na bi shi har bakin mota ranar ina neman izni in gyara, ko don ya ga da idonsa. Ya ce injin da ke aiki ba a taɓa shi, kuma mutanen kamfani da suka saita shi sun fi ni shekaru a sana'a. An cire ruɓaɓɓen haƙori, me kuma za a gyara? Shef ya canza kalmar sirri a makon, wai don tsaro.

Aka tura wani ɗan ƙanen matar Deje ya riƙe Tawa. Umurni ɗaya aka ba shi, kada ya kuskura ya kashe dekodar ko da sama za ta faɗo. Shaƙuwa ta daina. Deje ya riƙa tsayar da ni a matakala yana cewa, "Madam injiniya, ya labarin aljaninki?" Ni kuwa in ce, "Lafiya lau, Alhaji."

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Tawa a wannan lokaci ya san ko ƙarfen ƙofa ba a kamawa da hannu. Wata ranar Talata da rana tsaka akwatin ya dahu ya mutu da kansa, babu wanda ya taɓa shi. Ƙaramin rutar ɗin can ya aiko da saƙonsa yadda ya saba, Doso da Maraɗi da Damagaram suka yi tsit, kuma wannan karon babu magaribar da za ta warkar da su. Kwana ya wuce, aka shiga na biyu. Mai shayi ya kira, wasu masu talla suka kira. Aka nemi mutanen kamfani suka ce layinsu lafiya yake, kuma gaskiyarsu ne. Shef ya ba da shawara a bincika ko dattijon ya bar wani abu a ɗakin kafin ya tafi. Aka sa ɗan ƙanen matar Deje ya ɗaga tabarma, ya leƙa bayan kabad.

Ranar ta uku shef ya shigo ɗakina ya ajiye mini takarda mai ɗauke da kalmar sirri a kan tebur, ya ce Deje ya ce in gwada abin nan nawa. Bai zauna ba, ya ce yana da ta'aziyya a wata unguwa.

Na fara da rassan, ɗaya bayan ɗaya, ina shiga daga nesa ina canza saitin, na bar babban a ƙarshe. A Doso na yi kuskuren harafi na ɓata lokaci ina neman inda na yi shi. Damagaram layinta ya yi ta tsinkewa sai da na jira. Da na gama babban na kira Maraɗi, kafin ma'aikacin ya yi magana na ji muryar mai karanta labarai tana fita a bayansa. Dekodar ɗin Tawa yana nan a mace, sauran garuruwa uku suna ji. Na zauna na ci dambun da na saya tun safe, ya riga ya huce.

Da safe na shiga wajen Deje. Na ce yanzu ya gani, akwatin Tawa a kashe yake kuma babu garin da ya yanke, dattijon ba shi da laifi, a mai da shi bakin aikinsa. Ya ce in zauna. Ya yi mini magana a tausashe, kamar mai koya wa yarinya zaman duniya. Ya ce babba ba ya tofar da miyau ya dawo ya lashe. Ya ce in ya mai da mutumin, gobe wa zai ji tsoronsa? Kuma wa ya sani, ƙila mutumin ya san da raunin injin shi ya sa yake kashewa. A taron mako ya sanar cewa an kawar da ragowar sabotaj, ya yaba wa shef saboda sa ido. Shef ya sunkuyar da kai cikin tawali'u ya karɓi yabon duka.

Dattijon ya zo Yamai bayan wata ɗaya karɓar takardunsa. Aka bar shi a benci a ƙasa tun safe, Deje ya wuce shi sau biyu yana magana a waya. Na sauko na tafi da shi wajen wata mai tuwo kusa da kasuwar Petit Marché. Ya ce in gaya masa abin da ya yi, don har ranar bai sani ba. Na bayyana masa. Ya gane tun ban kai ƙarshe ba, ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ya ce yanzu hayar lasifika yake bayarwa wajen biki da suna, ana samun na abinci. Abin da ya dame shi ɗaya ne. Mutanen ƙauyuka da suka daina jin muryarsa sun ɗauka ya rasu, har wasu sun zo gidansa gaisuwa suka tarar da shi yana alwala. Yana so a faɗa a rediyo cewa yana raye. Na kai wa shef maganar, ya ce wannan sai an tambayi Deje, kuma shi ba zai tambaya ba. Mai gabatar da shirin nan da ta fara lura da lokacin yankewar, wadda tun ranar korar ba ta iya haɗa ido da kowa in an ambaci Tawa, ita ta cusa gaisuwa gare shi a shirin zaɓin masu saurare, ta ce yana nan lafiya yana gaida kowa.

Na bar gidan rediyon shekarar da ta biyo. Bayan wasu shekaru na haɗu da Deje a wani taron ƙara wa juna sani a otel, lokacin hutun shan kafe. Ya ƙara ƙiba, bai gane ni ba. Yana tsaye tsakiyar wasu matasa yana ba su labarin yadda ya taɓa murƙushe maƙiya a gidan rediyonsa. A bakinsa dattijon ya zama ƙungiya ta mutum uku da ƴan adawa suka saya, gyaran kuma wani bature ne ya yi, wanda ya ɗauko da jirgi takanas. Ya juyo gare ni, don ina kusa da farantin nama, ya ce, "Hajiya, kin ji irin abin da muke fama da shi a ƙasar nan?"

Na ce, "Na ji, Alhaji." Na ɗauki tsire biyu na koma wurin zamana.